Ɗan Akun Da Ya Ƙi Cin Tsaki

Saliha na tsugune a ƙofar gidansu da ke Magajin Gari tana watsa wa kajinta tsaki, sai ga wani saurayi ya faka mashin ya sauko, kai ba hula. Hular tana hannunsa, ya tallabe ta da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Salamu alaikum. Don Allah ke ce Saliha mai kaji?"

Ta ja mayafinta ta amsa. Dogo ne, baƙi, gefen idonsa a kumbure da harbin ƙudan zuma, amma ko kaɗan kumburin bai rage wa murmushinsa komai ba. Ita dai ba ta san lokacin da ta juye sauran tsakin wuri guda ba.

"Sunana Maliki, daga Kutemeshi, zuma nake sayarwa. An ce duk garin nan babu mai hannun kiwo irinki. Duba min bawan Allahn nan."

Ta leƙa cikin hular. Ɗan aku ne, rabin jikinsa tsirara, koren gashi ya fara tsiro masa, ido a lumshe. Maliki ya ce iskar jiya ce ta kayar da wata tsohuwar kaɗanya kusa da inda yake ɗora amyarsa, ya tsince shi a ƙasa, 'yan'uwansa duk sun mutu.

"Allah sarki," in ji Saliha, ta karɓe shi. "In Allah ya yarda ba zai mutu a hannuna ba."

"To a ba ni lamba mana, in riƙa jin lafiyar majinyaci."

"Majinyacin kawai?"

"Har da mai jinyar."

Ta harare shi, amma fa ta bayar.

Ta sa masa suna Auta, tunda shi kaɗai ya rage. Ta shimfiɗa masa tsumma a kwali, ta zuba tsaki mai laushi a murfin kwalba, ta ajiye ruwa a gefe. Sannan ta shiga ƙwanƙwasa murfin da yatsa, yadda take koya wa 'yan tsakinta tsattsaga. Wannan dabarar ba ta taɓa ba ta kunya ba. Auta ko kallon murfin bai yi ba.

Ta jiƙa gero, ya ƙi. Ta marmasa dafaffen ƙwai, ya ƙi. Ta kawo gwanda, ya kau da kai.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Maman Auta, ya jikin ɗanmu? Tun da na bar ƙofar gidanku na kasa gane hanyar Kutemeshi, mashin sai juyowa yake."

Ta rufe baki tana dariya ita kaɗai, ta rubuta: "Mai zuma, ɗanka ya ƙi cin komai. Taurin kai ne da shi, ban san inda ya gado ba. Ka sa shi a addu'a."

"Ina sa ku duka biyun. Amma in faɗi gaskiya, ke ce a farko."

Washegari ya zo da kwalbar zuma, wai ta Inna ce. Suka tsaya a zaure suna kallon cikin kwali, rabin kallon kuwa ba na kwalin ba ne. Kafin ya tafi ya faɗa mata abin da ke ransa, ba kwana-kwana, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce ya ba ta lokaci. Lokacin me? Zuciyarta ta riga ta amsa tun a ƙofar gida.

To, akwai Mainasara, mai shagon kayan masarufi a bakin kasuwa, wanda ya daɗe yana zarya a gidan ba tare da ya samu fuska ba. Da ya ga mashin ɗin baƙo a ƙofa, sai ya nufi inda ya san maganarsa za ta yi ciwo. Baba Ɗalha, mahaifin Saliha, ya yi aikin tsaron gandun dajin Kamuku har ya yi ritaya, kuma a duniya babu wanda ya tsana irin masu kwashe 'ya'yan tsuntsaye daga sheƙa su kai birni su sayar.

Bayan la'asar Baba ya shigo rai a ɓace.

"Ke Saliha! Wa ya kawo tsuntsun nan?"

"Wani ne, Baba. Maliki sunansa. Itace ne ya faɗi..."

"Kullum itace ne yake faɗuwa! Na ji wannan ƙaryar har na gaji. Mai zuma ba mahayin itace ba ne? An gaya min sana'arsa ke nan, ya kwaso su, ya raba wa 'yan mata su rena masa, in sun yi gashi ya kai Kaduna. Kada in sake ganin ƙafarsa a zaurena."

Inna ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

Saliha ta shige ɗaki hawaye na zuba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne maganar ta ɗan shige ta. Ta rubuta: "Ka gaya min tsakaninka da Allah, tsintarsa ka yi ko ɗauko shi ka yi? Mu nawa ne muke yi maka reno?"

Amsar ta jima kafin ta zo. "Wallahi tsintarsa na yi. Itacen yana nan kwance, duk mai so ya je ya gani. Na ji zafin tambayar nan, Saliha, amma zan bi umarnin Baba. Ki kula min da Auta."

Bai kira ta Maman Auta ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana ta cin tuwo.

Da gari ya waye Auta ya kasa ɗaga kai. Ƙirjinsa ya zama ƙashi zalla, jikinsa sanyi ƙalau. Inna ta leƙa ta ce, "Ki yi haƙuri 'yar nan, wannan kam ya kama hanya." Saliha ta share ido ta ce ita ba ta yarda ba. Ta san in Auta ya mutu, shi ke nan, maganar Maliki ta mutu tare da shi a gidan, a matsayin ɓarawon sheƙa.

Ta fito tsakar gida da kwalin don ya samu rana. Tana zaune ta zabga tagumi, idonta ya sauka kan tukwanen tantabarun Inna da ke jikin katanga. Wata uwa ta sauka, ɗanta ya zura baki cikin nata yana girgiza kai, tana ɗura masa daga cikinta.

Saliha ta miƙe zumbur.

"Inna! Ni ce sakarya! Ɗan tsako na mayar da shi. Ai shi bai iya tsattsaga ba, ɗura ake yi masa, kuma da ɗumi!"

Ta hura wuta, ta dama kunun gero da 'yar gyaɗa, ta tace shi sumul. Ta cika kwalba da ruwan ɗumi, ta naɗe da tsumma, ta jingina Auta a jikin kwalbar har ya fara motsi. Ta ɗiga kunun a bayan hannunta ta ji bai ƙona ba. Sai dai wuyan Auta ya yi laushi, in ta riƙe kan, cokali ya karkace, in ta daidaita cokali, kan ya faɗi. Kunun duk ya bi ƙirjinsa. Inna ta gwada riƙe mata kan, ita ma ta kasa.

Baba Ɗalha na zaune kan tabarma da rediyonsa, wai shi ba ruwansa. Saliha ta ɗauki kwalin ta je gabansa ta durƙusa.

"Baba, ka hana ni ganin Maliki, na bi. Amma wannan bai yi maka laifin komai ba. Don Allah riƙe min kansa."

Tsohon ya dube ta, ya ga ba ta da niyyar tashi. Ya yi tsaki, ya kashe rediyo.

"Wannan cokalin naki ya yi faɗi. Miƙo min filaya."

Ya matse gefunan cokalin ya zama kamar ɗan kwararo. Ya tallabi kan Auta da yatsu biyu, Saliha ta taɓa gefen bakin da cokali. Shiru. Ta sake taɓawa tana bismillah. Sai ɗan bakin ya buɗe, kan ya shiga girgiza da sauri, kunu na wucewa.

"Ya sha! Baba, wallahi ya sha!"

"A hankali mana, kada ki shaƙe shi," in ji Baba, muryarsa ta sauya.

Tana ba shi, shi kuma tsohon yana jujjuya ɗan jikin. Ya ga busasshen taɓo a ƙarƙashin fiffike, wanda Saliha ta ƙi wankewa don tsoron sanyi. Ya ga ƙurjewa a gefe ɗaya. Ya san ɗan tsuntsun da aka ciro daga ramin itace, daga hannu sai buhu, ba ya taɓa ƙasa. Ya mayar da Auta cikin kwali a hankali.

Kashegari da sassafe ya fito da mashin ɗinsa. Inna ta biyo shi har zaure.

"Malam, Kutemeshi? Ka san halin hanyar nan fa."

"Na sani. Amma na ɗora wa ɗan mutane laifi, gara in je in gani da idona."

Saliha ta wuni tana ɗura kunu tana kallon ƙofa. Kowace ƙarar mashin ta ji sai ta miƙe ta leƙa. Gab da la'asar ta ji mashin biyu sun tsaya tare.

Baba ya zauna a zaure, Maliki ya tsuguna a gabansa, ita kuma ta laɓe a bayan ƙofa, kunne a buɗe.

"Kaɗanyar ta tuge ne da saiwarta," Baba yake faɗa wa Inna da ƙarfi, don ya san akwai mai sauraro. "Masu kwasar sheƙa sai sun faɗaɗa ramin da gatari kafin hannu ya shiga. Wannan ramin ko ɓawonsa ba a taɓa ba." Ya juya. "Maliki, na zalunce ka da zato. Ka yafe min."

"Haba Baba, ai ni ɗanka ne. Babu komai."

"To in da gaske kake, ka turo manyanka."

Kafin magariba saƙonta ya riga nasa: "Mai zumana, ka yafe min tambayar nan. Na yi kuka a kanta fiye da kai."

"Na yafe tun kafin ki tambaya, Maman Auta. Ki ce wa ɗanmu ya yi sauri ya yi gashi, akwai biki."

Mainasara kuwa, tun daga ranar in ya hango Baba Ɗalha sai ya tuna yana da aiki a cikin shago.

Bayan an gama girbin dawa aka ɗaura aure. Auta ya zama kore shar, ƙirji ruwan goro, yana fasa gyaɗa da kansa, ya kuma koyi kwaikwayon tarin Baba har mutanen gida suna rikicewa. Ranar kai amarya aka kawo Saliha gaban mahaifinta, lulluɓe, tana ta kuka. Ya yi mata nasiha, ya sa mata albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, mata na amsawa da amin.

Da aka fara loda kaya, wata ƙawarta Nafisat ta miƙa hannu za ta ɗauko Auta daga kan igiyar shanya. Baba ya riga ta. Tsuntsun ya tako ya hau kafaɗarsa.

"Ku bar shi," in ji shi, yana kallon wani wuri daban. "Maliki ya ɗauke min ɗaya. Ba zan iya ba shi duka biyun ba."

Saliha ta yaye mayafinta ta dubi mahaifinta, ta ga hawayen da bai taɓa bari ta gani ba.

"Na bar maka shi, Baba. Amma ka sani, duk Juma'a zan zo duba ɗana."

"Allah ya yi miki albarka," in ji tsohon. "Ki riƙa zuwa da wuri."