Ranar da Aka Tuƙa Taliya a Kurfi

A garin Kurfi, shekara biyu bayan samun mulkin kai, an yi wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da ƙoƙari, wannan ba a musu. Amma tana da wani hali mai ban haushi. Kome aka fara gaya mata, kafin a rufe baki sai ta ce, "Na sani!"

Malam Bilya, malamin ajinsu, ya sha fama da ita. In ya ce, "Yau za mu koyi..." sai ta ɗaga hannu ta ce, "Na sani, Malam!" In ya ce, "To, mene ne?" sai ta hau sosa ƙeya. Har 'yan ajin suka sa mata suna Na-sani. Ita kuwa ko a jikinta.

A gida ita ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunanta. "Ke" kawai take ce mata.

A shekarar nan Dada, kakarta ta wajen uba, ta yi zazzaɓi mai zafi. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da cin abincinta. Kwana tara ba ta sa kome a baki sai kunu ludayi biyu. Ta rame ƙwarai. Hankalin kowa a gidan ya tashi.

Baba ya durƙusa gabanta ya ce, "Dada, don Allah ki faɗi abin da ranki ke so."

Dada ta ce, "Taliya. Dafa-dukan taliya da naman shanu, irin wadda nika yi a Dutsin-Ma sa'ad da nike da ƙarfina."

To, a unguwarsu babu mai yin taliya. Sai Gwaggo Sauda, ƙanwar Baba, can Dutsin-Ma. Ran Laraba tun da asuba Baba ya hau kekensa. Bai dawo ba sai la'asar, gumi sharkaf. Ya kawo taliya ƙunshi ɗaya tak, da tsokar nama mai kyau.

Inna ta hura wuta ke nan sai aka aiko daga maƙwabta. Kyauta, maƙwabciyarsu, tana naƙuda. Inna ta jawo mayafi da sauri, ta kira yarinyar.

Ta ce, "Ke, saurara. Naman za ki fara ɗorawa, sai ya..."

"Na sani, Inna!"

"Ita kuwa taliyar, ba a..."

"Na sani!"

Inna ta tsaya ta dube ta. "Kin taɓa dafa ta?"

"Haba Inna, ai duk girki ɗaya ne. Ba ni ke tuƙa maku tuwo ran da ba makaranta ba?"

Inna tana sauri. Ta ce, "In kin rikice, ga Dada nan kwance a ɗaki, ki tambaye ta." Ta fice.

Gaskiyar magana, yarinyar ba ta taɓa ko ganin taliya ba. Ta kwance ƙunshin, ta ga wasu abubuwa sirara, busassu, kamar tsinken tsintsiya. Ta ce a ranta, "Wannan ai ta sha hanya, sai an wanke." Ta zuba ta a ƙwarya, ta wanke sau uku kamar shinkafa. Ta bar ta cikin ruwa tana yanka albasa.

Sannan ta ɗora tukunya da ruwan sanyi. Ta zuba nama, ta zuba taliya, ta zuba albasa da tattasai da man gyaɗa da daddawa da gishiri, duk a tashi ɗaya. Ta rufe, ta kakkaɓe hannu. Ta ce, "Ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan!"

Daga cikin ɗaki Dada ta ɗaga murya a hankali. "Ƙawata, naman ya yi laushi kuwa?"

"Na sani, Dada!"

Wannan ma ba amsa ba ce, amma bakin ya riga ya saba.

Da tukunya ta tafasa, ta buɗe ta leƙa. Taliyar ta jiƙe, tana yawo cikin ruwa, kowane sili ya kama gabansa. Ita kuwa a saninta, abinci in ya dahu haɗe kansa yake yi wuri ɗaya. Haka tuwon dawa yake, haka na gero.

Ta dubi ƙofar ɗakin Dada. Taku biyar ne kawai. Amma yaya za a yi Na-sani ta je ta ce ba ta sani ba? Kunya ta kama ta. Sai ta juya ta ɗauko muciya.

Ta durƙusa, ta tokare tukunya da ƙafa, ta shiga tuƙi. Ta tuƙa, ta tuƙa, gumi na zuba. Ba ta bari ba sai da ko sili ɗaya bai rage ba. Ta ɗauko mara, ta malmala malmala uku cikin akushi. Yankan nama suna leƙowa ta jiki kamar duwatsu cikin laka. Ta rufe da faifai, tana jin daɗi.

Bayan sallar magariba Inna ta dawo da albishir, Kyauta ta sauka lafiya. Baba ma ya shigo, don ya ga mahaifiyarsa ta ci abinci. Aka shimfiɗa wa Dada tabarma a tsakar gida. Ta wanke hannu. Har sabon ɗankwali ta ɗaura saboda murna.

Yarinyar ta ajiye akushi, ta ɗage faifai.

Baba ya ce, "Ina taliyar?"

"Ga ta nan, Baba. Ta warwatse ne, na haɗa mata kai."

Inna ta riƙe baki ta yi salati. "Ke! Tuƙa ta kika yi? Da muciya?"

Baba ya ce, "Bari dai mu gani." Ya gutsura, abin ya manne masa a yatsu. Ya yarfa hannu, bai fita ba. Ya zaro yankan nama ya sa a baki, ya ja, ya ja. Naman ya kuɓuce, ya tashi sama, ya faɗi gaban kyanwar gidan. Kyanwa ta ɗan tauna, ta ajiye, ta dubi yarinyar, ta yi tafiyarta.

Baba ya fashe da dariya. Inna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Dada ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta lakato kaɗan ta ɗanɗana. Sannan ta mayar da faifai a hankali. Ta ce, "Ba kome. A dama mani kunu." Ta kwance sabon ɗankwalin ta ninke.

Ita kuwa jikar, da dukanta aka yi da ya fi mata sauƙi. Yarinyar ta tuna Baba da kekensa tun asuba. Ta dubi hannun Dada, duk ya zama ƙashi. Sai hawaye. Ta durƙusa ta ce, "Dada, ki gafarce ni. Ban sani ba. Ban taɓa ganin taliya ba sai yau. Kunya ta hana ni tambaya."

Dada ta kawo kunne kusa. "Mi kika ce? Maimaita, kunnen ya tsufa."

"Na ce ban sani ba."

"Alhamdu lillahi!" in ji Dada. "Tun da kika fara magana nike jiran in ji haka daga bakinki."

Baba ya shafa gwiwarsa ya ce, "Ni dai ƙafafun nan ba za su sake kai ni Dutsin-Ma ba sai wani mako."

Dada ta ce, "Kai kuma wa ya aike ka? Ita Saudar wa ya koya mata? A samo mani alkama. Wadda ta tuƙa, ita za ta murza."

Haka kuwa aka yi. Ranar da babu makaranta, yarinyar ta kwashi safiya guda a kan dutsen niƙa. Ta niƙa alkama, ta tankaɗe, har bayanta ya ƙage. Dada ta sa aka jingina ta da bango, tana nuna mata yadda ake kwaɓi da ruwa da ɗan gishiri. Sannan aka zo murji, sili ɗaya bayan ɗaya, tsakanin tafin hannu.

Yarinyar ta ce, "Dada, haka ake yi?"

"A'a! Wanga ai igiyar ɗaure akuya ce. Sirantar da ita."

"Yanzu fa?"

"Yauwa, kin kusa."

Tambaya sai ka ce ruwan sama. Dada tana amsawa, tana faɗa, tana dariya. Kafin azahar ta bar jingina da bango, ta zauna daram. Har ta ce a ƙara mata kunu, wai faɗa da jika yana sa yunwa.

Suka rataye taliyar a igiya. Kwana biyu yarinyar tana gadi da sanda, tana korar kaji.

Ran Litinin da yamma Baba ya sayo nama. Wannan karon Dada tana kan kujera kusa da murhu. Muciya kuwa, Inna ta ɗora ta can saman rumfa, inda hannu ba ya kaiwa.

"Me zan fara sawa, Dada?"

"Man gyaɗa da albasa. In sun yi ƙamshi, nama. Ki soya kaɗan, ki zuba ruwa, ki rufe, ki yi haƙuri."

Ta yi haƙuri. Sai da naman ya yi laushi har yatsa na shiga, sannan ta zuba tattasai da tumatir da daddawa da gishiri. Da romon ya tafasa, ta saka taliyar a bushe, ba wanki. Ta juya sau ɗaya da ludayi, a hankali. Kafin a kira magariba, ƙamshi ya cika gidan har maƙwabta.

Dada ta sake ɗaura sabon ɗankwalin. Ta yi bisimilla ta kai loma. Kowa ya zuba mata ido. Ta kai ta biyu, ta uku. Ba ta ɗago ba sai da kwanon ya koma fes. Ta miƙa wa jikarta ta ce, "Ƙawata, ƙaro."

Yarinyar ta ruga wajen tukunya tana dariya, idonta cike da hawaye. Kyanwa ma ta biyo ta, wannan karon da ladabi.

Washegari a aji, Malam Bilya ya ɗauki alli ya ce, "Yau za mu koyi..." Ya tsaya, ya dubi yarinyar. Duk 'yan aji suka juyo suna jira.

Ta miƙe ta ce, "Ban sani ba tukuna, Malam. Ina saurare."

Allin ya faɗi daga hannun Malam.

Yara, ba abin kunya ba ne ku ce ba ku sani ba. In babba yana magana, ku bari ya gama. In kun rikice, ku yi tambaya tun muciya ba ta shiga tukunya ba.