Waɗanda Aka Ba Aron Mota

Rana ta kusa faɗuwa, Shugaba tana tsaye a bakin gareji tana gyara bakin tampol ɗin da aka lulluɓe motar mijinta da shi. Haka unguwa ke kiranta, saboda shekara ashirin da ta yi tana riƙe da makarantar 'yan mata. Kwana uku ke nan da maigidan ya yi tafiyar aiki ta mako shida, ya bar mata amanar motar. Ta riga ta sa bakanike ya zo, ta rubuta duk abin da ya faɗa, aka kuma aikata: an cika tanki, an ƙara wa tayoyi iska, an cire kan batir, ba a ja birkin hannu ba don kada ya liƙe, sai aka tokare tayoyin baya da duwatsu huɗu.

A nan ƙanin mijinta ya same ta, mutum mai fara'a da saurin ƙafa a kan totur.

"Matar Yaya, kin yi wa motar nan lulluɓi kamar amarya. Ki ba ni ita in riƙa motsa mata jini, zama yana kashe mota."

Shugaba ta san tuƙinsa. Ta kuma san cewa idan ta ce a'a, kafin gobe dangi sun ji cewa matar wa ta hana ƙani abin ɗan'uwansa. Saboda haka ta zaɓi maganar da ba ta da kaifi.

"Ka makara. Na riga na ba wasu aronta, har ya dawo."

Ya yi dariya, ya ce Allah ya ba masu rabo sa'a, ya tafi. Iska ba ta motsi a lokacin, amma tampol ɗin ya ɗaga kaɗan, ya koma ya kwanta.

Washegari, daidai wannan lokaci, motar ta yi hon. Sau uku, a hankali, kamar mai jiran a buɗe masa ƙofa. Da safe Shugaba ta aika aka kira bakanike, ta tsare shi da ido irin yadda take tsare ɗalibar da ba ta yi aikin gida ba. Ya buɗe gaban motar, ya nuna mata wayar batir a ajiye gefe yadda ya bar ta.

"Hajiya, mota ba ta hon babu wuta."

"To wannan ta yi. Ka sake dubawa."

Ya duba sau biyu, ya tattara kayansa da sauri, bai ko tsaya shan ruwa ba.

Daga nan kowace magariba da abin da take zuwa da shi. Duwatsun da ke bayan tayoyi suka riƙa faɗowa a kan kwanon rufi ɗaya bayan ɗaya, a mayar da su da safe, su sake tashi da yamma. Ana jin muryoyi ƙasa-ƙasa daga ƙarƙashin tampol, kamar iyali suna gardamar wanda zai zauna gaba. Ranar da ta mayar da kan batir don ta tayar da motar ta yi ɗumi, kamar yadda ake yi duk mako, ta tarar da injin da zafi. Maƙwabta suka fara tambaya cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Ƙanin miji ya leƙo ta katanga.

"Matar Yaya, masu aron naki a cikin gareji suke tuƙinsu?"

Shugaba ta juya masa baya. Mace ce da ta yi shekaru tana koya wa yara cewa kowane abu yana da dalili, ba za a ce a gidanta ake kiran masu ruƙiyya ba. Ta canja makullin gareji. Ta sa aka kwashe batir ɗin gaba ɗaya aka kai ɗakinta. Hon bai fasa ba.

A mako na uku, da yamma, aka nemi autarta aka rasa. Budurwa ce mai shekara goma sha tara, mai natsuwa. A kujerar baya ta motar aka same ta, ƙofofi a kulle, makullin mota yana cikin jakar uwarta. Tana zaune a miƙe, hannuwa a kan gwiwa. Da aka buɗe, ta juyo ta dubi Shugaba, ta yi magana da muryar tsohon namiji.

"A rufe mana ƙofa. Iska tana damun yara."

A daren Shugaba ta aika wa wani dattijon malami, ta roƙi ya shigo ta ƙofar baya. Ya ce sai gobe, a lokacin da abin ke tashi.

Ya zo da sandarsa da butarsa, ya zauna a kan tabarma a bakin gareji, ya yi karatu mai tsawo. Auta tana cikin motar, ta ƙi fitowa tun jiya. Can ta fara huci.

"Wane ne kai, me ya kawo ka jikin yarinyar mutane?" in ji malamin.

"Mu ba ɓarayi ba ne. Aro aka ba mu. Muna wucewa muka ji uwar gidan ta ce ta ba wasu. Muka duba, babu wasu sai mu."

Malamin ya juyo ya dubi Shugaba. Ta kawar da kai.

"Yarinyar fa?" in ji malamin.

"Ana ta buɗe mu ana rufewa, ana tokare mana tayoyi da duwatsu. Mun rasa bakin da za mu kai ƙara."

"Za ku fita yau."

"Har ya dawo aka ce. Saura mako uku."

Malamin ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Auta ta dafe kunnuwa, jikinta yana rawa, har Shugaba ta yi taku biyu ta tsaya.

"Tsaya, tsoho. Za mu tafi. Amma bakin da ya bayar shi zai karɓe, a gaban wanda aka bayar a gabansa."

Aka kira ƙanin miji. Ya shigo babu dariya a fuskarsa, bayansa kuma an bar ƙofa a buɗe, matan maƙwabta biyu sun tsaya daga zaure. Shugaba ta gyara mayafinta, ta tsara maganarta.

"A ranar da ka zo, an sami rashin fahimta a tsakaninmu."

Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. "Mu mun fahimta sarai."

"Na yi magana ba tare da cikakken nazari ba."

"Aro yana nan."

Duhu yana sauka. Shugaba ta dubi 'yarta, leɓunanta sun bushe sun tsage, kwana guda ba ta sha ruwa ba. Ta dubi zaure. Sannan ta faɗa da muryar da take yi wa taron ɗalibai magana, yadda na zaure ma za su ji.

"Ƙarya na yi. Ban ba kowa aro ba. Kai ne ba na so in ba."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a kan kujera. Motar ta ɗaga kaɗan a kan tayoyinta, kamar an sauke mata kaya. Malamin ya tofa addu'a a ruwa, ya ce a ba Auta ta sha, a bar ta ta yi barci.

Da aka kai yarinyar ɗaki, matan zaure sun riga sun tafi, da saurin masu abin faɗa. Ƙanin miji ya durƙusa yana mayar da duwatsu bayan tayoyi. Bai ɗago kai ba ya ce, "Matar Yaya, ni dai ban ji komai ba."

Shugaba ta dubi motar, ta dubi duhun da ke bayanta.

"Ka ji," ta ce. "Yi maza ka ce ka ji, ba mu san wa ke wucewa ba."