Tsakuwar Tashar Zariya

Ana gab da kiran magariba, Jummai tana kicin tana tuƙa tuwon shinkafa, sai ta ji ƙaras daga ɗaki na biyu. Ta san ƙarar. Ɗan harshen ƙarfen nan ne na mahaɗa, mai karkatar da jirgin ƙasa daga wannan layi zuwa wancan. Abin da ya sa ta saki muciya shi ne mijinta Ɗalhatu bai dawo daga aiki a unguwar Al Quoz ta nan Dubai ba, kuma da hannunta ta kashe wutar ɗakin tun da safe.

A unguwarsu ta Satwa, inda ƙarti shida ke cusa kansu ɗaki ɗaya, Ɗalhatu ya ware ɗaki sukutum ga jirgin ƙasa na wasa. Shekara uku yana gina tashar Zariya a kan katako, da layukanta da mahaɗa uku, wai tunawa da mahaifinsa Sanda, wanda ya tsufa yana canza wa jirage layi a can. 'Yarsu Safiya, budurwa 'yar sha biyar, a falo take kwana. Jummai ta daɗe da raina ɗakin nan, ta kuma raina ganin ƙato da furfura kwance a ƙarƙashin tebur da tocila a baki. Duk da injiniyan da yake kiran kansa, jirgin bai taɓa wuce mahaɗa ta uku ba. Da ya zo nan sai ya yi tartsatsi ya mutu.

Da ta gaya masa abin da ta ji, dariya ya yi.

"Wuta ce ta rage a waya. Ke me kika sani a lantarki?"

Ya ɗauko mitarsa ya auna kowace waya, ya sake liƙa dalma, ya zagi kamfanin da ya ƙera mahaɗar. Washegari da magariba, ƙaras. Rana ta uku ya zare filogi gaba ɗaya ya sa a aljihu, ya tsaya yana kallo, harshen ƙarfen ya juya a gaban idonsa. Ya ce zafin Dubai ne.

Sai jifa ta fara. Da rana ta yi ja, sai 'yan tsakuwoyi kamar ƙwayar gero su riƙa faɗowa a faranti, a kofin shayi, a kan Safiya tana karatu. Gidan ya yi tsit, ko na'urar sanyaya ɗaki kamar ta rage numfashi. Jummai ta ji tsoro, tsoro na gaske, shi kuwa gogan yana can ƙarƙashin tebur yana bin jar waya da baƙa.

Ranar Alhamis ta iske Safiya tsaye a bakin teburin, idanu a kafe, tana jan wani abu a iska da hannu biyu, kamar mai jan ƙaton ƙarfe. Duk ja ɗaya, ƙaras. Ta kira sunanta, yarinyar ta waiwayo ta yi tsaki da muryar tsoho.

Jummai ba ta nemi izinin kowa ba ta kira Malam Shu'aibu, mutumin Kano mai tura kaya gida daga unguwar Al Rigga, wanda aka sani da ruƙiyya. Ya zo bayan magariba, ya zauna a ƙasa, ya fara karatu a hankali. Bai yi nisa ba Safiya ta gantsare, ta zube.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Tambayi ɓarawon can mai tocila."

Malam ya waiwayi Ɗalhatu.

"Ni mazaunin mahaɗar Zariya ne," muryar ta ci gaba, a daƙile, cike da raini. "Tun jirgin gyaɗa na wucewa ƙasa na rawa nake a wurin. Ubansa Sanda bai taɓa kama ƙarfe ba sai ya yi sallama. Wannan kuwa ya zo hutu, da magariba, ba bisimilla, ya kwashe gidana a gwangwanin madara. Ya daka, ya tankaɗe, ya liƙe da gam. Na farka na gan ni a tashar da kyanwa za ta tsallake. Ni!"

Sai a lokacin Jummai ta gane tsakuwar da ke shimfiɗe tsakanin layukan, wadda mijinta ke nuna wa baƙi yana cewa ta ainihi ce.

"An zalunce ka," Malam ya ce, "amma yarinya ba ta ɗauki komai naka ba. Fita."

"A kai ni gida a jikinta."

"Ba ka isa ba."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Safiya ta yi ƙara, ta dafe kunnuwa, gumi ya jiƙa mata ɗankwali.

"Khalas! Ya isa, Malam! A kankare tsakuwata duka, ko ƙwaya kar a bari, a zuba a gwangwani, a mayar inda aka ɗebo, a yi sallama. Ƙwayar ƙarshe na barin katakon nan, ni ma na bar yarinyar."

Malam ya dubi Ɗalhatu. "Yalla, maza, ka ji."

Ɗalhatu ya dubi 'yarsa a ƙasa, ya dubi teburin.

"Malam, gam ɗin ya kama layin. In aka kankare, duk wayoyin... Ba zai karɓi rabi ba?"

Safiya ta bushe da wata dariya mara daɗin ji. Jummai kuwa ta miƙe. Ta shiga kicin ta ɗauko wuƙar yankan nama, ta yi bisimilla, ta soma daga tashar. Layuka suka ɓalle, wayoyi suka tsinke, farcenta ya fashe, tana tara tsakuwa a gwangwanin madara har katakon ya koma fari.

Kafin ta share ta ƙarshe, muryar ta sake magana, wannan karon a gajiye.

"Kai mai tocila. Juyin ƙarfe ni ne, jifa ni ne. Amma mahaɗa ta uku ba ruwana. Jar waya ka sa a gurbin baƙa. Shekara uku! Kaico da ɗan Sanda."

Jummai ta share ƙwayar ƙarshe, Malam ya rufe gwangwanin. Safiya ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce, "Umma, ruwa."

Da Jummai ta dawo da kofin, sai ta ga ƙafafun mijinta sun leƙo daga ƙarƙashin tebur, hasken tocila na yawo a cikin tsinkakkun wayoyi.

"Jummai," ya ce a hankali, "wallahi gaskiya ya faɗa. A juye suke."

Ta tallafo kan 'yarta, ta ba ta ruwa har ta ƙoshi, ta goge mata baki da gefen zane. Sannan ta yi magana, ba tare da ta dubi ƙafafun ba.

"In ka gama, ka fitar da teburin. Yau Safiya a ɗakin nan za ta kwana."