Direban Da Ya Tsaya

Ranar kasuwar Dutsin-Ma Maniru ya fara ganin Raihana, a bakin tashar motocin Kurfi. Gari ya cika ya batse da motoci da 'yan acaɓa da keke Napep, ko'ina hon, ko'ina hayaƙi. Tana tsaye a ɗaya gefen titin rungume da jakarta, ta sa ƙafa ta janye, ta sake sawa ta janye. Shi kuwa tsohuwar Golf ɗinsa saura mutum ɗaya ta cika.

Ya bar fasinja suna ta mita, ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga wa wata tifa hannu.

"Bismillah Malama, taho."

"Na gode," ta ce a hankali da ta tsallako. "Ni tsoron titin nan nake."

"Ni da nake cin abinci a kansa ma tsoronsa nake."

Ashe Kurfi za ta, can take koyarwa a wata firamare. Tun daga ranar kujerar gaba ta zama tata, kuma ya daina haɗa mata mutum na biyu. 'Yan tasha suka sa shi gaba da tsiya, wai direba ya koma ɗaukar 'yar sarauta. Ko a jikinsa.

So ya shige su ba sallama. In ya sauke ta, kafin ta kai ƙofar aji saƙonsa ya riga ta:

"Sanyin idona, kin sauka kin bar mota ba daɗi. Allah Ya kai mu tashi lafiya."

Ita kuma ta mayar masa: "Direbana, ban da gudu. Akwai mai jiranka."

Ta taɓa faɗa masa tana da ƙanwa, Sauda, da ta rasu. Ya ga hawaye ya cika mata ido, sai ya yi addu'a ya bar zancen. Da ya san abin da ke ƙarƙashin maganar nan, da ya tambaya.

Ranar da ta ba shi izinin zuwa gaida mahaifinta, Malam Sa'idu mai makarantar allo, Maniru ya sha farar shadda ya durƙusa a zaure. Malam ya ɗago ya dube shi, casbahar hannunsa ta tsaya. Maniru ma ya gane fuskar. Abdulhadi, ɗan wan Malam, wanda ya daɗe yana son Raihana tana kauce masa, yana zaune a gefe. Shi ya fasa shirun.

"Baba, ai wannan ne direban da ya kaɗe Sauda."

Abin da ya faru, shekarun baya Malam ya aiki Sauda, 'yar shekara tara, sayen magani a bakin babban titi. Wata baƙar mota ta taho ta hannun da ba nata ba don kauce wa cunkoso, ta kwashe yarinyar ta ƙara gaba. Motoci suka riƙa ratse ta suna wucewa, don kowane direba ya san halin mutanenmu: wanda ya tsaya, shi ne mai laifi. Maniru ya tsaya. Ya ɗauke ta ya kai asibiti, rai ya yi halinsa a hanya. Jama'a suka ga jini a rigarsa, suka rufe shi da duka ba tambaya. A ofishin 'yan sanda ne shi da Malam suka ga juna. Sun sake shi bayan bincike, amma gari ya ce ƙungiyar direbobi ce ta fitar da nata. Da ya so zuwa ta'aziyya, manyan tasha suka hana shi, wai zuwan tamkar amsa laifi ne.

"Tashi ka fita," in ji Malam. "Ka ɗauke mini ɗaya. Ba zan miƙa maka ta biyu ba."

Washegari Raihana ta shiga wata motar. Ya kira har ya gaji. Da la'asar saƙonta ya shigo:

"Maniru, kullum ina zaune a motar da ta kashe ƙanwata ban sani ba? Don Allah ka bar kirana."

Ya karanta ya kifa kai a sitiyari, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ya rubuta mata: "Wallahi ban kaɗe ta ba, ɗaukar ta na yi. Amma akwai saƙon da ta ba ni, na Malam ne, kuma na daɗe ina ɗauke da shi."

Ba ta amsa ba. Damina ta shigo ta yi nisa. Ya rame, ita ma ta rame, har ɗalibanta suna tambaya ko Malama ba ta da lafiya. Abdulhadi kuwa kullum sabuwar motarsa tana ƙofar gida, shi dai a sa rana.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Maniru ya bi Malam har zaure. Ya durƙusa nesa da tabarma.

"Malam, ban zo neman aure ba. Saƙo zan isar, in ka ji sai in tafi."

Raihana tana bayan ƙofar cikin gida, ta ji muryar ta kasa motsi.

"A mota Sauda ta riƙe mini hannun riga. Ta ce, 'Ka ce wa Abbana na duba. Na duba can, na duba nan, na sake dubawa kamar yadda ya ce. Wata baƙar mota ce ta zo ta baya. Kar ya yi mini faɗa, maganin ya zube.'"

Malam Sa'idu, wanda ko a maƙabarta mutane suka yi ta yaba dauriyarsa, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Sauda kaɗai ke ce masa Abbana, ya tabbata daga bakinta maganar ta fito. Shi ya koya mata duban nan, yana riƙe da hannunta a bakin titi. Tun rasuwarta yake cin kansa, yana cewa ƙila gaggawar da ya sa ta ce ta hana ta dubawa.

"Ta yi kalmar shahada?" ya tambaya da ƙyar.

"Na laƙƙana mata, ta bi ni har ƙarshe."

Kukan Raihana ya fito daga bayan ƙofa. Malam ya miƙa hannu ya kamo na Maniru.

"Kowa ya wuce, kai ka tsaya, mu kuma muka saka maka da duka. Ka yafe mana, ɗana. Ka turo manyanka."

Da yamma saƙonta ya zo: "Direbana, da wane ido zan kalle ka?"

Ya ce: "Da wanda kika saba, sanyin idona. Ni ban riƙe ki ba."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Abokan ango, duk direbobi, suka jera motoci a ƙofar gida za su ɗauki amarya zuwa gidan ango a Kurfi, har samari sun fara wasan guje-guje da babura kamar yadda aka saba. Malam ya fito ya ce kowa ya kashe injinsa.

"A kira mini ango."

Tsofaffin mata suka ce, "Haba Malam, ina aka taɓa ganin ango ya zo ɗaukar amarya da kansa?"

"Yau za a gani."

Maniru ya zo yana sunkuyar da kai. Malam da kansa ya riƙo hannun Raihana, tana kuka cikin mayafi, ya buɗe motar ya zaunar da ita. Ya dafa kan motar, hawaye na bin gemunsa.

"Ban yarda kowa ya tuƙa ta ba sai kai. Waccan ka kai ta iyakar inda Allah Ya nufa. Wannan ka kai mini ita gida lafiya. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

"Amin, Baba," in ji Maniru.

Ya tada mota a hankali, sauran suka biyo shi a baya, ba wanda ya danna hon har Kurfi.