Kwana Uku a Tafkin Arba'in

A bakin tafkin Arba'in da ke Jidda Mastura ta fara ganin Nomau, ranar da ta kai wa babanta abincin rana. Yana durƙushe jikin wani kwalekwale, yana cusa auduga a tsakanin katako. Ya ɗago ya kalle ta, guduma ta sauka a kan yatsansa. Tun daga ranar abincin Baba bai ƙara makara ba.

Baba Abdulghaffar masunci ne haifaffen Jidda, kuma hankalinsa ya fi kwanciya da ya ba Othman 'yarsa, wani mai shagon yadi a kasuwar Bab Makka. Da Nomau ya aiko neman aure, tsohon ya tsuke fuska.

"Yaron da ya zo daga Gaya jiya-jiya? Ga tsohon jirgina can, shekara biyu yana kan tudu. In ya gyaru, mu yi magana. In ya nitse, khalas, magana ta ƙare."

Kwana ashirin Nomau yana fama. Ranar da aka tura jirgin, Mastura na tsaye a hanyar da ta zagaye tafkin, ta ga ruwa yana tsattsafowa ta ko'ina.

"Ya ammi, ka gani da idonka," in ji Othman, wanda ya zo kallo, yana duban Baba. "A jawo shi kawai."

"Don Allah Baba, a bar shi a ciki kwana uku," in ji Nomau. Baba ya juya ya tafi, aka bar jirgin a ruwa.

Da la'asar Mastura ta tura wa Nomau saƙo: "Ka faɗa mini gaskiya, kuskure ka yi? Wallahi tsoro nake ji."

Ya amsa: "Habibti, busasshen katako sai ya sha ruwa ya kumbura sannan yake haɗe baki. Ki daure mini."

Washegari ruwan ya kai rabin jirgin.

Rana ta uku Nomau ya kwashe ruwan tas, ya goge. Baba ya shimfiɗa farin hiraminsa a ƙasan jirgin, suka zagaya tafkin sau biyu. Da suka dawo ya ɗaga hiramin, a bushe ƙamas.

"Ai na san zai sha ruwa," in ji tsohon. "So nake in ga ko za ka firgita ka jawo shi. Yalla, turo manyanka."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure a unguwar Mahjar. Baba ya dafa kan Mastura. "Na ba ki mai haƙuri, 'yata. Allah Ya yi muku albarka."