Dutsen Goge Kaushi

Magariba ta kawo jiki a garin Bowie, can ƙasar waje, Hannatu na kwashe tuwo, sai ga tsakuwa ta faɗo cikin tukunya daga silin. Ta ɗaga kai, babu ko huda. Wani wari ya biyo baya, irin na mushe a kwata, har sai da ta yi amai.

Mijinta Davou masanin duwatsu ne. An tura shi da abokan aikinsa wani tsauni da doka ta hana a taɓa, su binciko ko akwai ma'adinai a ƙarƙashinsa. Shi kuwa, da shegen kwashe-kwashensa, ya jefo wani baƙin dutse a aljihu ya kawo gida. Hannatu ta ga ya yi daidai da goge kaushi, ta ajiye shi a banɗaki.

Tun daga nan gida ya rikice. 'Yarsu Nanret ta daina cin abinci, sai dai a tarar da ita durƙushe tana lasar tayil ɗin banɗaki, yawu na dalala. Tir! Uwa ta kasa matsawa kusa da 'yarta don ƙyama, yarinya kuwa kullum ƙara ramewa take.

Fasto ya yi addu'a, shiru. Wata maƙwabciya ta kawo musu Malam Mudathir daga garin Laurel. Yana fara karatu, Nanret da ko gaisuwa da Turanci take amsawa ta buɗe baki da Hausa, cikin muryar wani tsohon aljani.

"Matashin kaina ne aka sato. Matar nan ta kankare dattin ƙafarta da shi."

"Za a mayar maka," in ji Malam.

"Allah ya kiyaye! In sa kaina inda ta sa diddige? Ku riƙe ƙazantarku. Shi dai ɓarawon ya rubuta wa iyayen gidansa cewa babu komai a tsaunin, kada su zo mana da injuna. In ya yi, na sake ta."

Davou ya share gumi. "Ai akwai ma'adinai, Malam. In aka gano na yi ƙarya, korata za a yi. A ɗan ba ni lokaci in yi tunani."

Hannatu ta juyo ta dube shi da ƙyama. Da ya ga idonta, ya yi maza ya rantse zai rubuta.

Nanret ta yi wata doguwar atishawa, ta sulale ƙasa, warin ya ɗauke. Davou ya miƙa hannu zai ɗaga ta.

"Kar ka taɓa min 'ya," in ji Hannatu. "Je ka ka gama tunaninka."