Kalmar da Baba Bai Ƙarasa Ba

Maganin maƙogwaro ya shigo saya a kantin magani. Budurwar da ke bayan kanta ta ɗago kai tun bai gama sallama ba.

"Na san muryar nan. Kai ne mai fodkas ɗin hira da tsofaffin ma'aikata?"

Ya gyara wuyan riga. Tun da ya dawo daga karatu a waje ya fara shirin a intanet, bai taɓa cin karo da mai sauraron da ba danginsa ba.

"Ni ne. Yana burge ki?"

"Baƙinka ne ke burge ni, in ka bari sun yi magana." Ta miƙa masa leda. "Ka tsotsi ɗaya safe da yamma. Ka kuma rage surutu, Malam Aku."

Sunan ya bi shi. Ita kuwa Auta kowa ke ce mata, kuma kafin maganin ya ƙare ya samu lambarta.

"Akuna," ta rubuto wata rana, "na ji shirin jiya. Fankarka ta fi baƙon murya. Kuma ka ce duk Asabar, ga shi wata ya wuce."

"Autar zuciya, ke kaɗai ke ƙirga min kwana."

"Ai ni kaɗai na rage."

Ya kashe fanka, ya rataye barguna a bangon ɗakin don rage amsa-kuwwa, ya daina tsallake Asabar. Bakin ne dai bai gyaru ba.

Mahaifinta tsohon likitan dabbobi ne, kuma yana da nasa gwanin da yake so ta aura: wani akanta ɗan maƙwabta, mai zuwa duk ƙarshen mako ya zauna gabansa shiru. Auta ta ga hanya ɗaya ce, Baba ya shiga shirin ya ga Aku da idonsa.

"Baba yana i'ina," ta ce. "Ya ce shi ya sa ya zaɓi dabbobi, saniya ba ta taɓa katse shi ba. In ya tsaya, ka jira. Iyakar roƙona ke nan."

"An gama, ranki ya daɗe."

Ba a gama ba. Baba ya zo da farar riga ya zauna gaban makirufo. Duk kalmar da ta maƙale masa sai Aku ya cafke ya ƙarasa, a ganinsa taimako yake yi. Can wajen ƙarshe ya tambaye shi abin da ya fi kewa yanzu da ya ajiye aiki. Baba ya runtse ido, leɓensa na rawa.

"Aikin ko, Baba?" in ji Aku, yana dariya. "Ai dole!"

Baba ya buɗe ido ya dube shi. "E," ya ce. "Aikin."

Aku ya yanke duk wata i'ina da duk wani shiru, don ya karanta cewa masu sauraro ba sa jira. Shirin ya fito sumul. Ya tura wa Auta da murna. Sai washegari amsa ta zo.

"Mun ji tare. Baba ya ce bai san mutumin da ke magana da muryarsa ba. Ya ce wanda ya kasa jiran kalma ɗaya ba zai iya jiran 'yarsa ba. Kada ka zo kanti."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya buɗe asalin sautin da bai taɓa ba, ya sa abin kunne, da niyyar samo abin kare kansa. Muryarsa ya yi ta ji, tana hawa kan ta dattijon kamar akuya a kan buhu. Da ya kai tambayar ƙarshe ya rage tasa, ya ƙara ta Baba. A ƙarƙashin dariyarsa akwai wata 'yar murya: "U... uwar yara..."

Ya cire abin kunnen. Da hannunsa ya yanke wurin, bai ko saurara ba.

"Na ji abin da na danne," ya rubuta mata. "Ba ni da hujja."

"Tun rasuwar Umma bai ambace ta a gaban kowa ba," ta amso. "Ranar nan ya shirya zai yi."

Ya sauke shirin, duk da shi ne wanda aka fi saurara. Ranar Asabar ya tafi gidan, ba makirufo, waya a kashe cikin aljihu. Akanta na zaune a barandar. Aku ya durƙusa ya gaida Baba.

"Na yi maka laifi, Baba. Na zo ne in ji amsar tambayar nan, in za ka ba ni."

Baba ya dube shi ya daɗe. Sannan ya fara. Ya ce a asibitin dabbobi ya haɗu da ita, ta kawo tunkiya mai ciwon ƙafa. Ya ce shekara da shekaru ba ta taɓa ƙarasa masa magana ba, ko da tukunya na ƙonewa. Kalmomin suna maƙalewa, Aku yana ganinsu a leɓen tsohon, harshensa na ƙaiƙayi. Ya danne shi da haƙori. Gwiwoyinsa suka yi tsami. Akanta ya fara gyangyaɗi.

Da ya gama labarin, Baba ya sake buɗe baki. "Ka... ka..."

Aku bai san abin da zai biyo ba, bai kuma yi ƙoƙarin cinka ba. Ya sunkuyar da kai ya jira.

"Ka turo manyanka."

Wani abu ya faɗi a bayan labule, kamar tire.

"Akuna," ta rubuto kafin ya kai bakin titi, "ashe kana da kunne? Baba ya ce ɗayan ba jira yake yi ba, barci yake."

Ranar auren Baba ya riƙe hannayensu zai sa albarka. Wani kawu ya yi saurin cewa amin, Aku ya ɗaga masa yatsa. Ɗakin ya yi tsit har tsohon ya kai ƙarshe da kansa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku ha... haƙurin jiran juna."

Sai a lokacin ango ya ce amin.